Faifai Na Biyu

Yayata ce ta kira ni ranar wata Juma'a da yamma, ina tsakiyar duba takardun jarrabawar 'yan aji uku. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Ita kuma ta yi ritaya daga gidan waya, shekara goma sha ɗaya ta ba ni. Mu biyu kaɗai iyayenmu suka bari, kuma har yau, da furfurata da tabarauna, Auta take kira na.

"Auta, ranar Laraba za a yi mini aikin idon nan," in ji ta. "Likita ya ce kwana uku ba karatu, ba kallo. To me zan yi? In kwanta ina ƙirga katakon rufi?"

"Ai ko katakon ba za ki gani ba, Yaya."

"Ka ji bakinka ko? Tun kana cikin tsumma haka kake. Maganganun Baba da ka ɗauka nake so ka turo mini. In na kwanta sai in riƙa saurare."

Na ce mata ta ɗauka an gama, kafin Lahadi suna cikin wayarta.

Babanmu direban jirgin ƙasa ne, shekara talatin da huɗu yana jan mutane da kaya. Da ƙafafunsa suka gaza, bayan rasuwar Inna, sai na ɗauko shi ya dawo gidana, na ba shi ɗakin da ke jikin falo. A shekaru biyun ƙarshe na rayuwarsa, ranar Lahadi bayan mun karya, nakan ɗora wayata a hannun kujerarsa, in danna maɓallin ɗaukar murya, in ce, "Baba, ina muka tsaya?" Shi kuma ya gyara zama ya kama, daga tashoshin da aka rufe zuwa abokan aikinsa da suka riga shi tafiya. Sau arba'in da uku muka yi haka. Lokacin da Yaya ta kira ni, shekara ɗaya da rabi ke nan da rasuwarsa, kuma ban taɓa buɗe ko ɗaya na saurara ba. Kullum sai in ce sai zuciyata ta ƙara kwanciya.

Duk maganganun suna cikin wani baƙin akwati da ke zaune a kan kabad ɗin falo, kusa da na'urar intanet. Girmansa bai kai batirin mota ba. Ba shi da allo, ba shi da madannai, aikinsa kawai ajiya: duk wayar da ke gidan tana iya zuba masa hotuna da takardu, ta kuma ɗebo. A cikinsa akwai faifai biyu, kuma duk abin da ya rubuta a na ɗaya sai ya rubuta irinsa a na biyu, don in ɗaya ya mutu ɗaya yana nan. Matata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta raɗa masa suna Rumbu saboda yadda nake cika baki da shi. Na kuwa cika baki. Ni na sa Yaya ta tattaro hotunan Inna na ɗauke su na zuba a ciki. Ranar da wayarta ta cika ta ƙi karɓar saƙo, ni na goge 'yan maganganun Baba guda biyar da na taɓa tura mata, ina ce mata ta kwantar da hankalinta, komai yana Rumbu, kuma sau biyu. Da na canza tawa wayar ma ban wahalar da kaina da kwashe komai ba.

Ranar Asabar da hantsi na buɗe manhajar Rumbu a wayata, sai ta ce ba za ta yi magana da shi ba sai an sabunta manhajar da ke cikinsa. Na ɗauko kwamfutata na shiga shafinsa. Ga sanarwar nan ja wur, ta fi shekara biyu tana jira na. A ƙarƙashinta akwai wata ruwan ɗorawa, wadda idona ya saba tsallakewa kamar yadda mutum ke daina ganin tsagar bangon ɗakinsa. Na danna ja ɗin. Ya ce abin zai ɗauki kamar minti ashirin, kuma kada a kashe shi ko me ake ciki.

Kashi goma. Talatin. Hamsin da biyar. Sittin da biyu. Daga nan ya tsaya.

Na haɗa shayi na sha, na dawo, sittin da biyu. Na duba takardu ashirin, na sa wa wani yaro sifiri da ya kamata in ba shi biyu, na dawo, sittin da biyu. Fankar da ke bayansa tana juyawa, shuɗiyar fitilarsa tana ƙyaftawa, sai wani ɗan ƙas-ƙas da ke fitowa daga ciki lokaci-lokaci, kamar ɓera a kwali.

Ƙarfe biyu da rabi matata ta dawo daga aikin safe, ta same ni tsaye a gaban kabad, hannu a ƙugu.

"Malam, lafiya kake kallon Rumbu kamar ya zage ka?"

Na yi mata bayani. Ta ajiye jakarta, ta leƙa allon kwamfutar.

"Ai ga shi ya ce kar a kashe shi. Ka bar shi mana. Mu ko marar lafiya ne yake barci ba ma tashinsa don mu tambaye shi ko ya samu barci."

"In sittin da biyu ya ci minti tara, sauran talatin da takwas bai kamata ya kai minti shida ba. Awa huɗu ke nan."

"To, malamin lissafi. Ni dai yunwa nake ji."

Ta shige kicin. Na ƙara masa awa ɗaya, ina jin kamar alfarma nake yi masa. Ba wuta ce ta ɗauke ba, ba kuma wani ne ya yi tuntuɓe da waya ba. Bayan la'asar na sa hannu bayan kabad na zare fulogin da kaina, na ƙirga talatin, na mayar.

Fanka ta tashi, shuɗiyar fitila ta ci gaba da ƙyaftawa, amma shafinsa ya ƙi buɗewa. Kwamfuta ta ce babu wani abu mai wannan suna a gidan. Na canza kebul. Na canza ramin da kebul ɗin ke shiga. Na kashe na'urar intanet na kunna har sau uku, matata tana mita daga ɗaki cewa na katse mata kira. Na karɓi allura a wurinta na tura a wani ɗan rami da ke bayan akwatin, kamar yadda takardarsa ta ce, har ya yi ƙara sau ɗaya. Shiru.

Washegari da safe na sauke wata ƙaramar manhaja ta kamfanin da ya ƙera shi, wadda ke laluben akwatin in ya ɓace. Ta gano shi. Sai dai ta ce manhajar cikinsa ta lalace, ta ba ni zaɓi biyu: ko a gyara ta ba tare da an taɓa kayana ba, ko a share komai a zuba sabuwa. Na zaɓi gyara. Ya tafi, ya tafi, ya tsaya, ya jefo mini wata lambar kuskure. Na sake, haka. Na sake na uku, haka dai.

Na rubuta lambar a intanet, na faɗa wani zaure na masu irin wannan akwati. Ashe ba ni kaɗai ba ne, mutane ne rututu kowa yana kukan nasa. Wani mai hoton kyanwa a maimakon fuskarsa ya rubuta amsa gajeriya: tunda faifan biyu abu ɗaya ne a cikinsu, ka cire ɗaya ka ɓoye, ka share ɗayan ka zuba sabuwar manhaja, in ya tashi sai ka mayar da wanda ka ɓoye ka kwashe kayanka. Mutum goma sha bakwai sun yi masa godiya. A ƙarƙashinsa wani ya rubuta dogon bayani da ya fara da "amma kafin nan". Ban karanta ba. Amsar mai kyanwa ta yi mini daidai, irin hanyar da nake son ɗalibi ya bi, layi uku ya kai ga amsa.

Na kashe akwatin, na buɗe murfinsa, na zaro faifai na biyu, don shi ne a dama kuma ya fi kusa da hannuna. Na naɗe shi a tsohon hankici na sa a durowa. Na kunna, na zaɓi a share komai. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce e. Ya sake tambaya, har ya ce in rubuta wata kalma da hannuna don ya san ina cikin hayyacina.

Matata tana guga a gefe, ta ɗago kai. "Me yake ta tambayarka haka har sau biyu?"

"Ladabi ne irin na inji."

"Ni dai a wurinmu in aka tambayi mutum sau biyu, to abin da za a yanke ba ya tsirowa."

Na yi dariya na rubuta kalmar. Minti takwas ya kai ɗari cif. Fitila ta koma koriya, ya yi ƙara mai daɗi. Na kira ta ta zo ta gani, ina ce mata wasu da tuni sun kwashi akwati sun nufi wurin mai gyara. Don in gwada lafiyarsa, na haɗa wayata da tata suka juye masa hotunansu kaf, na ƙara da bidiyoyin darussan makaranta da suka cika mini kwamfuta. Ya haɗiye duka ba gardama. Na bar shi yana aiki na tafi aski.

Sai ranar Litinin bayan na taso daga makaranta na ɗauko faifai na biyu na mayar da shi gurbinsa. Akwatin ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ƙas-ƙas ɗin nan ya dawo. A allon kwamfuta ya rubuta cewa wannan faifan yana da matsala, ba zai iya karanta shi ba. Na sunkuya ina duba gaban akwatin, sai idona ya sauka a kan wani ɗan guntun baƙin salatif da ke manne a wurin fitilar faifai na biyu. Na sa farce na ɓamɓare shi. Fitilar tana ci, ruwan goro.

Nan take na tuna. Shekara uku da suka wuce wannan fitilar ta canza launi, akwatin kuma ya shiga yin ƙara duk bayan 'yan mintuna. Baba ya ɗaga murya daga ɗakinsa ya ce, "Auta, wannan tsuntsun naka ba ya gajiya ne?" Na shiga shafin na kashe ƙarar, fitilar kuma na liƙe ta da salatif, na ce in an yi hutu zan duba. Hutu tara aka yi tun daga ranar.

Na zauna a ƙasa, a kan tayil, na jingina da kabad. A haka matata ta same ni. Na gaya mata abin da nake zato. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Za ka gaya wa Yaya kafin a shiga da ita, ko bayan an fito?"

"Bayan an fito. Kin san hawan jininta."

"Hawan jininta kake tsoro, ko bakinta?"

Malamin kimiyyar makarantarmu ne ya kwatanta mini wata mata da kowa ke kira Injiniya. Ranar Talata na roƙi a riƙe mini darasin ƙarshe, na sa Rumbu a jakar kasuwa na tafi. Shagonta yana saman wani wurin buga takardu, sai ka hau matakala mai warin tawada. Ɗaki ne ƙarami, kanta biyu cike da faifai, kowanne an ɗaure masa takarda da robar kuɗi. Ita kuma tana zaune a bayan tebur, tabaranta rataye da zare a wuya, tana cin gyaɗa.

"Sannu da hawa, Malam. Kafin ka fara, duk wanda ya hawo matakalar nan cewa yake ban taɓa komai ba, haka kawai ya mutu. Kai me ka taɓa?"

"Komai," na ce.

"Madalla. Yau na samu mai gaskiya. Zauna."

Na ba ta labari tun daga sittin da biyu. Tana saurare tana kwance murfin. Ta zaro faifai na biyu ta haɗa shi da wata na'ura a gefenta, ta kara kunne, ta yamutsa fuska. Ta ɗauki kusan rabin awa tana lallaɓa shi kafin wasu rubuce-rubuce suka fito a allonta. Ta juyo da allon ta nuna mini wata rana da bakin biro.

"Ka ga wannan? Ranar ƙarshe ke nan da aka rubuta wani abu a faifan nan. Shekara uku da wata biyu. Tun ranar akwatinka ya sallame shi daga aiki, na ɗaya ne yake ɗauke da gidan shi kaɗai. Sabuntawar ma abin da ya tsayar da ita ke nan: tana so ta rubuta kanta a faifai biyu, ɗaya ba ya amsawa, ita kuma ta tsaya tana ta ƙwanƙwasa."

"Da na bar ta fa?"

"Wataƙila ta gaji ta wuce, wataƙila a'a. Zare fulogin ma bai kashe ka ba." Ta ajiye biron. "Malam, faifai kamar gida ne mai zaure da ɗakin ajiya. Manhaja a zaure take zama. Abin da ya lalace ranar Asabar zauren ne kawai. Kayanka suna can ciki, ƙofa a rufe, ba abin da ya same su. Da a ranar ka kawo shi, ko Lahadi da safe kafin ka rubuta kalmar nan, kafin in gama gyaɗar nan na kwashe maka komai."

Na ce, "Kuma na zuba masa sabbin kaya a kai."

"Masu yawa?"

Na faɗa mata. Ta murza idonta. Ta ce in bar mata su duka biyun, za ta yi iya yinta, amma kada in je ina yi wa kowa alkawari.

Ranar Laraba aka yi wa Yaya aiki, aka yi nasara. Da rana na shiga ɗakin da aka kwantar da ita, ido ɗaya a rufe da farar auduga, ɗayan kuma ta lumshe shi. Ta gane ni da tafiyata.

"Auta ne. Kai kaɗai kake jan ƙafar hagu kamar ana bin ka bashin ta. Ina saƙona?"

Na ce akwatin yana wurin gyara, ɗan abu ne kaɗan.

"To ba komai. Ai kai ka zauna da Baba. Ba ni labarin ranar da ya tsayar da jirgi a bakin gada. Ni rabi na sani, ya ce mini ya ba ka shi duka."

Na buɗe baki. Na san akwai gada, na san an yi ruwa. Bayan wannan, babu komai a kaina. Ban san wace gada ba, ban san me ya gani ya ja birki ba, ban san ko mutane ya ɗauko ko kaya ba. Sai na fara ƙirƙira. Na ce ya hango ruwa ya shanye ƙarfen hanya, hankalinsa ya tashi, ya yi salati.

"Tsaya," in ji Yaya, ba ta buɗe ido ba. "Wannan ba Baba ba ne. Baba bai taɓa cewa hankalinsa ya tashi ba, ko ranar da Inna ta rasu. Ka manta ne?"

"Na ɗan manta."

"Tsufa ya zo wa autan Inna," ta ce, tana murmushi. Ta juya kai ta yi barci. Na zauna ina kallon ledar ruwan da ke ɗiga har aka ce lokacin ziyara ya ƙare.

Bayan kwana shida Injiniya ta kira ni. Daga faifai na biyu ta ciro hotunan Inna duka, da maganganun Baba guda goma sha ɗaya, na farko-farko. Daga na ɗaya kuwa sai tarkace: hotuna da rabinsu ya zama toka-toka, da guntayen murya uku marasa suna, kowanne bai fi minti biyu ba. Ta zuba mini su a wani ɗan faifai na aljihu, ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Na so in fi haka."

Na koma gida da rana tsaka, matata tana wurin aiki. Na shiga ɗakin Baba, na zauna a bakin gado, na kunna na farko. Ga muryarsa, da 'yar shaƙewar nan tata, ga tawa ina ta jefa masa tambayoyi, muna dariya. Na biyu ma haka. A na huɗu tambayoyina sun ragu. A na shida na ji kaina na ce, "Baba, ina muka tsaya?" Ya fara magana, sai ga ƙarar silifas ɗina, sai ƙarar ƙofa. Ya yi kamar minti biyar yana bayanin yadda ake shiga kwana da jirgi mai tarago talatin, sannan ya dakata.

"Auta, kana ji?"

Shiru. Agogon bango kawai.

"Ya fita." Ya yi tari. "To, ke waya, ke ce dai mai zama. Bari in ƙarasa miki."

Ya kuwa ƙarasa mata, minti arba'in. Na bakwai haka, na takwas haka, har na goma sha ɗaya. Ina kunna masa waya in koma tebur ina duba takardu, ko in fita wanke mota, in na ga lokaci ya yi in dawo in kashe, in ce, "Sannu Baba, sai wani makon." A raina na ɗauka na adana shi. Ban taɓa lura cewa ban ji shi ba.

Guntayen ukun na bari a ƙarshe. Na farko tari ne da ƙarar cokali a kofi. Na biyu yana lissafo sunayen tashoshi a jere. A na uku muryarsa ta yi ƙasa sosai, irin ta watanninsa na ƙarshe, yana magana yana hutawa.

"...in ka saurari wannan, ka kai wa yayarka. Ni na gwada sau nawa, bakina ya ƙi. Maganar takardar makarantar nan ce. Ranar da ta kawo mini ita a tasha, da gudu ta zo, ko takalmi babu. Na karanta, na ninke, na sa a aljihu. Abin da ba ta sani ba shi ne, washegari na..."

Nan ya yanke. Sai wani ƙara kamar ana yaga zane, sai ƙarshen fayil.

Na san takardar, a bakin Inna na ji labarinta. Yaya tana da shekara goma sha bakwai ta samu gurbi a makarantar koyon zanen gine-gine a wani gari mai nisa. Inna tana kwance ba lafiya, Baba kwana biyar a mako yana kan hanya, ni kuma ina shekara shida. Baba bai ce mata e ba, bai ce a'a ba, har lokacin ya wuce. Ita ta yi mini wanka, ita ta kai ni makaranta, daga baya ta shiga gidan waya tana buga hatimi. Ban taɓa jin ta ta da maganar ba.

Na kira Injiniya na tambaye ta ko akwai sauran wannan guntun a wani wuri. Ta ce ta bi faifan kaf sau biyu. Inda ragowar take, yanzu bidiyon darasina ne a kai.

Ranar Asabar na je gidan Yaya. An cire mata audugar, tana sanye da baƙin tabarau, tana zaune a baranda tana tsinke zaren wata tsohuwar riga da lalube. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, abin da na daɗe ban yi ba, na gaya mata komai: salatif, fulogi, mai kyanwa, silifas. Ba ta katse ni ba. Sannan na kunna mata guntun.

"Sake," ta ce.

Na sake. Ta ce in ƙara. Sau huɗu muka ji shi, kowane karo tana karkato kunne daidai inda zai yanke, kamar wannan karon zai wuce.

"Tun yaushe wannan yake kan kabad ɗinka?"

"Shekara biyu ba kaɗan."

Ta jinjina kai. Ta ci gaba da jan zaren, ya tsinke, ta nemi bakinsa ta rasa.

"Yaya, ina ganin gafara yake son ya nema."

"Kana gani." Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ba ka san Baba ba ke nan. Yana iya cewa washegari ya je wurin shugaban tasha neman a sauya masa aiki aka hana shi. Yana iya cewa washegari ya jefa takardar a wutar injin, kuma ko yau aka dawo haka zai yi. Duka biyun Baba ne." Ta cire tabaran, ta goge ƙasan idon da ba a yi wa aiki ba, ta mayar. "Shekara arba'in da bakwai ban tambaye shi ba, na ce in yana da abin faɗa zai faɗa. Ashe ya faɗa."

Na ce ta yafe mini.

"Na yafe, Auta. Me zan yi da kai in ban yafe ba? Tura mini goma sha ɗayan. Wannan guntun kuma kar ka tura, na haddace shi."

Ta ce in tashi daga ƙasa kar sanyi ya kama ni, ta tambayi matata, ta ce in gaishe ta. Da zan tafi ba ta rako ni bakin ƙofa ba, ta ce hasken rana yana damun idon.

Wata biyar ke nan. Idonta ya warke sarai, har ta koma karatun jarida ba tabarau. Muna gaisawa a waya duk Juma'a, tana tsokanata kamar da, amma in tana son wani abu a gidanmu matata take kira. Ita ce ma ta gaya mini cewa Yaya ta sa an kai ta unguwar tsofaffin ma'aikatan jirgi, tana neman ko akwai wanda ya yi aiki da Baba a wancan lokacin. Ta samu mutum ɗaya, ɗan shekara casa'in, mai ba jiragen ƙasa hannu a tashar da muka zauna. Ya tuna Baba sarai, ya ce mutum ne mai tsare lokaci, ba ya son a taɓa masa kofin shayi. Maganar takarda kuwa, ya ce bai taɓa ji ba.